Kafin a ɗau wuƙa a fara ɗaukar tef: yadda ake awon jiki kafin tiyatar nono

Na daɗe ina son yin wannan rubutun, saboda a shekarun da na yi ina tsayawa gefen likita da takarda da biro, yana faɗar lamba ina rubutawa, abu ɗaya nake ta gani kullum. Mace zata shigo da hoto a waya ta ce likita irin wannan nake so, ko ta ce ni dai a mayar da ni C, ko a kai ni D. Likita ya kalli hoton ya ce toh madalla, sannan ya zaro tef daga aljihu, irin na tela ɗin nan mai laushi, kuma daga nan ne ainihin maganar take farawa, don jikin da ke cikin hoton na wata ne, faɗin ƙirjinta daban, kaurin fatarta daban, tsayinta daban, ke kuma da naki za a yi aikin. Toh ko ƙari zaki yi, ko ragewa saboda ciwon baya da wuya, ko ɗagawa bayan shayarwa, ko gyara bayan an cire mama saboda kansa, ki san lambobin jikinki kafin ki zauna gaban likita, ki san me kowacce take nufi.

Mu fara kawar da maganar kofin bireziya. A, B, C, D ba awo ba ne da likita zai iya aiki da shi, harafin bambanci ne kawai tsakanin kewayen ƙasan nono da kewayen samansa, shi ya sa C na mai lamba 32 ba ɗaya ba ne da C na mai lamba 38, kuma kowane kamfani da yadda yake yanka nasa, ke kanki kin san akwai rigar maman da zaki saya C ta matse ki wata C ɗin kuma ta yi miki yawa. Likitoci da santimita suke magana, da cc wajen girman abin da za a saka, da giram wajen abin da za a cire. cc ɗaya daidai yake da mil ɗaya na ruwa.

Lokacin awo da yadda zaki tsaya

Kar ki yi awo ana saura 'yan kwanaki al'adarki ta zo, lokacin nono yana ɗan kumbura, ki bari sai kin yi wanka da kamar mako guda. In kina shayarwa ki bari sai kin yaye da wata 3 zuwa 6 ruwan ya ɗauke nonon ya koma inda zai tsaya. In kuma kina kan rage ƙiba to ki gama tukunna nauyinki ya zauna wuri ɗaya na wasu watanni, don kitse yana da kaso babba a cikin nono, in aka auna ki kina kilo 90 aka yi aiki sannan kika sauko 75 lissafin gaba ɗaya ya rushe.

Abin da kike buƙata tef mai santimita, madubi babba, biro ko maka da ke wankuwa, da takarda da zaki raba gida biyu ki rubuta dama a gefe hagu a gefe. A tsaye ake yi, ba riga, kafaɗa a sake, hannuwa a sauke a gefe. Kuma dan Allah ki samu wadda kika yarda da ita ta riƙe miki tef ɗin, don da zarar kin ɗaga hannu ko kin sunkuyar da kai zaki duba lamba nonon ya motsa, abin da zaki samu ba daidai ba ne. Kowane awo a yi shi sau biyu. Wannan na gida ba zai maye na likita ba, amfaninsa shi ne ki shiga ɗakin kina gane abin da ake faɗa akan jikinki.

Daga ramin wuya zuwa kan nono

Ki sa yatsa a ƙasan maƙogwaronki, akwai ɗan rami a wurin da ƙasusuwan nan biyu da suka taho daga kafaɗa suka haɗu. Ki ɗiga masa biro. Daga nan ki miƙa tef zuwa tsakiyar kan nono, dama sannan hagu. Wannan shi ne awon da kowa ya fi sani, kuma lambar da zaki ta ji ita ce santimita 19 zuwa 21. Asalinta wani likita ne na Afirka ta Kudu, Jack Penn, wanda a 1955 ya rubuta cewa in aka ja layi daga ramin wuya zuwa kowane kan nono sannan aka haɗa kawunan biyu, a nonon da ya ɗauka mai kyau ana samun kusurwa uku masu tsayi ɗaya, kowane gefe wajen santimita 21.

Ni dai ina ganin an ɗora wa wannan 21 ɗin nauyin da ya fi ƙarfinta. Mace doguwa mai dogon ƙirji 23 ko 24 ma daidai ne a jikinta, gajeruwa kuma 19 ta ishe ta, in likita ya ce dole kowa 21 ba tare da ya kalli tsayinki ba to ki sa alamar tambaya. Inda lambar take da amfani sosai shi ne wajen gane nisan tafiyar da kan nono zai yi. Mai son a rage mata da aka auna aka samu 34, aka kuma ga inda ya dace da ita 22 ne, kinga santimita 12 za a ɗaga shi kenan, kuma wannan nisan shi ke nuna irin yankan da za a yi da kuma haɗarin da ke ciki.

Layin ƙasan nono, shi ne tushen komai

In kika ɗaga nono da hannu zaki ga layin da ya raba shi da ciki, inda wayar bireziya take zama. Ki bi shi da biro daga tsakiya har gefe. Wallahi in za a ce in zaɓi abu ɗaya da mace zata fahimta a duk wannan bayanin to wannan layin ne, domin da shi ake gwada komai. Ki saki nonon ki kalli madubi ta gefe, ina kan nono yake in aka kwatanta shi da layin?

Wata likita a Kanada, Paule Regnault, ta kasa zubewar nono mataki-mataki a 1976 kuma har yau da shi ake aiki. In kan nono yana daidai da layin, mataki na ɗaya kenan, zubewa kaɗan. In ya sauka ƙasa da layin amma bai kai can ƙarshen nonon ba, na biyu. In shi ne a can ƙasa yana kallon ƙafa, na uku. Akwai kuma wanda kan nonon yana nan a saman layi amma naman ne ya sulale ƙasa, wannan yana yawan faruwa bayan shayarwa, ido zai ce ya zube amma kan yana inda ya kamata. Me ya sa wannan yake da muhimmanci? Saboda mata da yawa suna zuwa da tunanin in aka saka musu silikon babba, wato jakar nan da ake sawa a ciki don ƙara girman nono, zai ɗaga nonon da ya kwanta, alhali ba ya ɗagawa, cika shi yake yi kawai ya ƙara masa nauyi. Mai mataki na biyu ko na uku ɗagawa take buƙata, da silikon ko babu, kuma ɗagawa tana zuwa da tabo, gara ki san haka tun a gida ki yi shawara da zuciyarki.

Daga nan ki auna daga kan nono zuwa wannan layin, sau biyu: ɗaya nonon yana sake, ɗaya kuma kin ja shi sama iya yadda fatar zata miƙe ba tare da zafi ba. Na biyun shi ne likitoci suka fi so, don yana nuna iya wurin da ƙasan nonon zai iya bayarwa in an cika shi. In wurin gajere ne aka cusa abu babba, ko dai ya tsaya can sama kamar an ɗora ƙwallo kan nono yana kallon ƙasa, ko likita ya sauke layin da kansa, sauke layi kuwa aiki ne mai son hannu, in ya wuce gona da iri sai ki ga layi biyu a ƙasan nonon, tsohon da sabon.

Faɗin gindin nono

Ga mai son ƙari, wannan shi ne sarkin awo. Ana auna shi a miƙe, ba a bin lanƙwasar nonon, daga inda naman ya fara kusa da tsakiyar ƙirji zuwa inda ya ƙare ta wajen hammata. A asibiti da wani ƙarfe mai baki biyu kamar hantsaki ake yi, a gida ki sa rula a gabanki ki duba a madubi. Yawancin mata zaki samu tsakanin santimita 11 da 14.

Jakar silikon kowacce tana da faɗinta a rubuce a jikin kwalinta, kuma ƙa'idar ita ce kar faɗinta ya wuce na gindin nononki, hasali ma sai an ɗebe kaurin namanki na gefe da gefe. Misali faɗinki 13, aka matsa fata da nama ta ciki aka samu santimita 2, ta waje ma 2, rabin kowanne ake ɗauka saboda ninki biyu kika matso, kinga an ɗebe 2 kenan, jakar da zata zauna miki lafiya tana wajen 11. Toh a wannan faɗin ɗaya akwai mai kwanciya, akwai matsakaiciya, akwai mai tsini da ta fi turowa gaba, kowacce da yawan cc ɗinta, a nan ne zaɓinki yake shigowa. Wato ƙirjinki ne ya yanke faɗi, ke kuma ki zaɓi yawan turowa a cikin abin da fatarki zata ɗauka.

Wani likita a Amurka, John Tebbetts, shi ya fi kowa dagewa akan a bar zaɓen girma da ido a koma awo, ya fitar da tsarinsa a 2002, sannan shi da William Adams suka sauƙaƙa shi a 2005 zuwa shawarwari biyar. A jadawalinsu mai faɗin santimita 12 ana fara lissafinta ne daga wajen cc 300, sai a rage in fatarta a ɗaure take ko a ƙara in ta saki, kuma cc 300 ɗin tana son wajen santimita 8 daga kan nono zuwa layin ƙasa in an ja. Ba kowane likita ne yake bin jadawalin harafi da harafi ba, amma duk mai hankali yana bin tunanin da ke bayansa.

Ba zan manta da wata baiwar Allah ba da ta zo a gyara mata aikin da aka yi mata a wani wuri. Siririya ce, faɗin gindin nononta bai wuce 11 ba, aka saka mata cc 450 kowane gefe saboda ita ta nace kuma ba wanda ya zaunar da ita ya ce a'a. Shekara biyu kacal, da ta cire mayafin asibitin sai ga fatar tsakiyar ƙirjinta ta ɗago, nonuwan biyu sun haɗe ba rabuwa a tsakani, ta gefe kuma kana ganin ninkin jakar ta cikin fata kamar an sa leda a ƙarƙashin zani, tana magana tana riƙe da su da hannu saboda nauyi. Sai da aka cire, aka ɗinke aljihun da jakar take zaune ta ciki, aka saka ƙanana, kuma fatar da ta riga ta miƙe bata koma yadda take ba. Garin neman gira aka kusa rasa ido, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne awon minti biyar ya isa ya hana duk wannan.

Matsa fata da jan fata

Ki sa babban yatsa da manuni ki matso fata da nama a saman nono, can sama inda naman ya fara siranta. In abin da kika kamo bai kai santimita 2 ba, murfinki siriri ne, in aka sa jaka a saman tsoka bakinta zai nuna, shi ya sa irin wannan jikin akan sa ta ne a ƙarƙashin tsokar ƙirji, ko rabi a ƙarƙashin tsoka rabi a ƙarƙashin nama. In ya haura 2 akwai zaɓin a sa a saman tsoka. Kowanne da nasa, ta ƙarƙashin tsoka ta fi ɓuya amma tana iya motsi in kin ƙanƙame ƙirji, kuma kwanakin farko sun fi ciwo.

Sai jan fata. Ki kama fatar gefen baƙin da ya kewaye kan nono ki ja ta gaba a hankali ki ga santimita nawa zata tafi. Ƙasa da 2 fata ce ɗaurarriya, irin ta wadda bata taɓa haihuwa ba, bata ɗaukar abu da yawa lokaci guda. 2 zuwa 3 matsakaiciya. In ta kai 4 ko ta wuce to ta saki sosai, kuma a nan mutane suke kuskure su ce tunda akwai wuri bari a cika shi, alhali fatar da ta saki ita ce mafi rauni wajen riƙe nauyi.

Sauran ƙananan awo ba sai na daɗe a kansu ba. Daga kan nono zuwa tsakiyar ƙirji yawanci 9 zuwa 11. Faɗin baƙin kewayen, in za a rage shi, akan yanka shi ne wajen milimita 38 zuwa 45. Tazarar da ke tsakanin nonuwan biyu kuwa halitta ce, likita yakan bar wajen santimita 3 a tsakiya bai taɓa ba, in ƙirjinki mai faɗin tsakiya ne silikon bazai haɗe miki su ba, bireziya ce take wannan aikin.

Maganar 45 da 55

Wasu likitoci biyu a Landan, Patrick Mallucci da Olivier Branford, sun duba hotunan mata 100 suka fitar da sakamako a 2012 cewa nonon da ido ya fi gani daidai shi ne wanda in aka ja layi ta kan nono, kashi 45 na tsayinsa yana sama kashi 55 yana ƙasa, kan yana ɗan kallon sama da kamar digiri 20, saman a miƙe ko da ɗan lotsawa, ƙasan kuma a cike a zagaye. Abin da na ɗauka a ciki shi ne ƙasa ya kamata ya fi sama cika, saɓanin abin da mutane suke nema na saman ya kumbura kamar ana sanye da bireziya mai turowa ko da ba a sa komai ba. Amma ki tuna hotunan masu tallan jiki aka duba, an riga an tace su, ba doka ba ce akan jikin kowa. In ke cikar sama kike so ki faɗa wa likita ƙarara, ya gaya miki abin da hakan zai ci a fatarki nan da shekara goma.

Dama da hagu ba ɗaya ba ne

Yanzu ki dubi takardarki. Kusan tabbas lambobin dama da na hagu sun bambanta, kar hankalinki ya tashi. A wani bincike da Rod Rohrich da abokan aikinsa suka buga a 2003 akan mata 100 da suka zo ƙarin nono, 88 daga cikinsu suna da bambanci ko a girma, ko a inda kan nono yake, ko a layin ƙasa, ko a ƙashin ƙirjin kansa. Ki kalli kafaɗunki ma, ɗaya ta fi ɗaya sauka? Ƙashin bayanki yana da ɗan karkata? Haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi turowa, ko tsakiyar ƙirjin ya lotsa ciki? Duk waɗannan suna canza yadda nono yake zama, kuma tiyata bata gyara ƙashi. Ƙari ma yakan fito da bambancin fili ne, kan nonon da yake ɗan kallon gefe zai ƙara kallon gefe in an cika shi. Likitan kirki zai tsayar da ke gaban madubi ya nuna miki kowanne da yatsa kafin aiki, ya gaya miki wanda zai iya ragewa, misali da saka cc daban-daban ko cire nama fiye a gefe ɗaya, da wanda zaki ci gaba da zama da shi.

In ragewa ko ɗagawa za a yi

Nan ne zane yake da matuƙar muhimmanci, tun ran gini ran zane. Da safen aiki, kafin a ba da maganin barci, mace tana tsaye likita yana zaune a kan ɗan kujera gabanta da maka, ni ina riƙe da ƙarshen tef a ramin wuyanta. Zai ja layi daga ramin wuya ya sauko tsakiya, ya rataya tef a wuyanta ya sauko ta kan kowane nono ya ja layin da ya raba shi biyu, sannan ya sa yatsa a ƙarƙashin nonon daidai layin ƙasa ya turo gaba, inda ya ji yatsan ta saman fata ya ɗiga alama. Nan ne sabon mazaunin kan nono. Wannan dabarar da sunan Ivo Pitanguy na Birazil aka san ta. Sai ya ja baya ya kalla, ya auna daga ramin wuya ya ga ko dama da hagu sun yi daidai, wani lokacin ya goge ya sake sau uku, mace tana rawar sanyi muna ba ta haƙuri. In kika ga ana wannan jinkirin ki gode Allah, don da zarar kin kwanta nono ya baje gefe, ba wanda zai iya gane inda abu zai zauna in kin tashi.

Kuskuren da aka fi tsoro shi ne a kai kan nono sama da yawa. Wanda ya ɗan yi ƙasa ana iya ƙara ɗaga shi daga baya cikin sauƙi, wanda ya yi sama kuwa yana leƙowa ta saman bireziya, sauke shi sai an bar tabo a inda kowa zai gani. Shi ya sa a nono mai nauyi likitoci suke sa alamar ƙasa kaɗan da inda yatsa ya nuna, saboda in an cire nauyin fatar zata ja ta koma sama da kanta.

Lambobin ne kuma suke zaɓar tabo. Ɗagawa kaɗan, kamar santimita 2, ana iya yi ta kewayen baƙin kawai. Matsakaiciya, kewaye da layi ɗaya da ya sauka ƙasa. Mai yawa kuwa sai an ƙara layi a kwance a ƙasan nono, zanen da Robert Wise ya fito da shi a 1956. In nisan da kan nono zai yi tafiya ya yi tsawo ƙwarai jinin da ke ciyar da shi yana iya gazawa, a irin haka wani lokacin akan cire shi gaba ɗaya a dasa shi a sabon wuri, kuma wannan yana nufin ba shayarwa, jin taɓawa ma zai ragu sosai ko ya tafi. In kina da niyyar haihuwa nan gaba ki yi wannan tambayar da bakinki kar ki jira a gaya miki. Yawan giram ɗin da za a cire ma ana ƙiyasta shi tun kafin aiki, a Amurka kamfanonin inshora da yawa suna amfani da ma'aunin Schnur na 1991 da ke gwada giram da girman jikin mace gaba ɗaya daga tsayi da nauyinta. A ɗakin tiyata kuma kowane gefe ana ɗora abin da aka cire a sikeli a rubuta daban.

Ga wadda za a gyara wa bayan kansa, nonon da ya rage shi ne abin koyi, shi ake aunawa, kuma wanda aka cire ana auna nauyinsa don giram ɗinsa yana kusa da yawan cc ɗin da za a mayar. In za a yi gashin haske na kashe ƙwayoyin kansa bayan aiki a faɗa wa likitan gyara tun farko, don yana sa fata ta ƙanƙance ta taurare.

Abu ɗaya da tef bazai nuna ba shi ne yadda fatarki take warkewa. Masu baƙar fata mun fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi kauri yana ƙaiƙayi, kuma tsakiyar ƙirji yana cikin wuraren da ya fi fitowa. Ki nuna wa likita hujin kunnenki, tabon tiyatar haihuwa in akwai, da duk wani tsohon ciwo, ya gani da idonsa. Sigari da shisha a bar su aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa saboda suna tsuke hanyoyin jini, mai ciwon suga kuma sai ya daidaita.

Ranar ganin likita

Ki tafi da takardarki, ki nemi ma'aikaciyar jinya mace ta tsaya a ɗakin in hakan ya fi miki, haƙƙinki ne. Ki lura ko ya auna ki da gaske ya rubuta, ko kallo ɗaya ya yi ya ce 400 zata yi miki. Ki tambaye shi faɗin gindin nonona nawa ne, jakar da kake son sawa faɗinta nawa, sama da tsoka ko ƙasa kuma me ya sa, zaka taɓa layin ƙasa, kan nono santimita nawa zai tashi, ina tabon zai bi. Ki tambayi irin bayan jakar ma, mai santsi ko mai kaushi, domin masu kaushi an danganta su da wata kansa da ba kasafai ake samu ba da ke fitowa a jikin rufin da jiki yake yi wa jakar, har kamfanin Allergan ya janye nasa samfurin Biocell a 2019. Kuma ki tabbatar likitan tiyatar gyaran jiki ne mai takardar ƙwarewa, duk wanda ya ce zai yi miki allurar ruwan silikon kai tsaye cikin nama ki tashi ki bar wurin.

Wasu asibitocin suna da na'urar hoto kamar Vectra ko Crisalix da ke nuna miki a kwamfuta yadda zaki koma da girma kaza, yana taimakawa amma kwamfuta bata san yadda fatarki zata miƙe ba, ki ɗauke shi a kwatance. Abin da na fi yarda da shi shi ne jakar gwaji da ake sawa a cikin bireziya. A gida ma kina iya auna ruwa mil 250 ko 300 ki ƙulle a leda ki sa a bireziya marar soso, ki ɗora kayan da kika saba sawa, ki wuni da shi kina aiki kina hawa bene, da yamma ki tambayi wuyanki da kafaɗarki.

Bayan aiki kar ki ɗauko tef a makon farko, kumburi ne zaki auna, kuma jakar tana zama can sama kafin ta sauko. Wata 3 zuwa 6 ake ɗauka kafin siffar ta zauna, tabo kuma shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya lafa. Ki sake awon a wata na 3, na 6 da na 12, a tsaye kamar farko, ki rubuta a takardar nan dai tare da kwanan wata. In kika ga daga ramin wuya zuwa kan nono yana nan yadda yake amma daga kan nono zuwa layin ƙasa yana ta ƙaruwa, kan kuma ya fara kallon sama fiye da da, alamar nauyin yana sulalewa ƙasa ne, ki koma da wuri. Haka in gefe ɗaya ya taurare ya haura sama, ko ya kumbura farat ɗaya bayan shekaru. Mai silikon kuma, hukumar FDA ta Amurka mai kula da magunguna da kayan asibiti ta ba da shawarar a yi hoton MRI ko sikanin a shekara ta 5 zuwa 6 bayan sawa, daga nan duk bayan shekara 2 zuwa 3, don jakar tana iya fashewa a ciki ba ki ji komai ba. Katin da za a ba ki mai ɗauke da sunan kamfani, lambar jakar da yawan cc ɗinta, ki haɗa shi da takardar awonki ki ajiye wuri ɗaya, ki kuma ɗauki hotonsu a waya, duk likitan da zai duba ki nan gaba su zai fara tambaya.